Na Sayi Gida, Ban Sayi Ɗorawa Ba

Ranar da na fara ganin gidan nan, sai da mai Keken da ya kai ni ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya, don tun daga ƙofar gidan har muka shigo cikin gari dariya nake ni kaɗai a bayansa. Mace mai jikoki, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana tsare gida a gaban 'yan firamare, ga ta nan tana ƙyalƙyala dariya ba mai ba ta labari. Na ce masa lafiya lau, ya dubi gabansa kada ya zubar da ni a kwalbati kafin in ci moriyar abin da na gani.

Mahaifina fatoma ne a Funtua, wato mai saukar da fatake. Masu zuwa sayen hatsi da auduga daga nesa a zaurenmu suke kwana, da safe a fito musu da koko da ƙosai daga cikin gida, su ci su nufi kasuwa. Na tashi ina jin hayaniyar baƙi da harsuna iri-iri, kuma ban taɓa daina kewarta ba. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, abin da nake faɗa wa kaina ke nan: in Allah ya kai ni ritaya, sai na buɗe masauki irin na mahaifina, amma na zamani, mai gado da labule da makulli, wanda baƙo zai kwana ya tashi ya tarar da karin kumallo na jiransa. Alhaji, maigidana, ya sha jin wannan zance har ya iya gyaɗa kai a daidai gurin da ya kamata ba tare da ya saurara ba.

Gidan yana bakin gari, a hanyar da ta miƙe zuwa Malumfashi. Ɗaki shida ne, uku na kallon uku, da rijiya mai ruwan daɗi, da madafa a kusurwa. A tsakiyar tsakar gidan kuwa akwai wata ɗorawa, ƙatuwa, wadda inuwarta ta rufe kusan rabin gidan. Ita ce ta gama da ni. Ina tsaye a gindinta na riga na jera kujeru a raina, na ɗora butar shayi, na ga baƙi suna tsoma ƙosai a yaji suna gardamar farashin masara. Mai gidan wani tsohon dillalin hatsi ne da ya daɗe yana saukar da abokan cinikinsa a ciki, yanzu ƙafa ta gaza, zai koma wurin ɗansa.

Aka yi ciniki yadda muka tashi muka ga ana yi. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, aka kawo shaidu, aka rubuta takarda cewa an sayar mini da gida da rijiyarsa da filinsa, daga katangar gabas zuwa ta yamma. Kowa ya sa hannu, aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha. Farkon damina ne, ana ta shuka. Na ƙudura a raina cewa kafin masara ta shigo kasuwa, kafin manyan motoci su fara jeruwa a bakin titi, masaukina zai buɗe. In na rasa kakar nan, sai in zauna da ɗakuna shida a kulle har wata shekara, kuma duk abin da na tara a rayuwar aikina na riga na zuba shi a gidan.

Watannin nan ban san inda kaina yake ba. Na sa aka shafe bango da fenti ruwan ƙwai, Alhaji ya ce ya yi kama da asibitin haihuwa, na sa aka sake. Na ɗinka zannuwan gado har tela ya fara ɓuya in ya hango ni. Na rubuta lamba a jikin kowace ƙofa da hannuna, irin rubutun allon aji, ɗaya zuwa shida, na koma nesa na tsaya ina kallonsu kamar yau aka ƙirƙiro lissafi. Sannan na mai da Alhaji baƙon gwaji. Kullum da hantsi sai in tura shi ɗaki na uku, in ce ya kwanta ya rufe ido kamar ya kwana, in zo in ƙwanƙwasa da tire a hannu.

"Barka da asuba, Alhaji, an tashi lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Wace hanya, Malama? Daga gida zuwa nan?"

"Daga Ibadan ka zo. Amsa mini yadda ya kamata."

Yau waina da miyar taushe, gobe kunun gyaɗa da ƙosai, jibi shayi da ƙwai. Ya ci ya ƙoshi, ya ce matashin ya yi tudu, ko kunun ya yi kauri, in zare masa ido ya ce a'a, daidai yake. Kafin tsakiyar damina sai da aka buɗa masa wuyan riguna biyu.

Ranar da mai fenti ya kafa allon suna a bakin titi, na tsallaka ɗaya gefen na karanta shi, na dawo, na sake tsallakawa. Kwana uku bayan haka wani mutum mai gemu ya tsayar da babur a ƙofar, da fayil a hammata da igiyar awo a aljihu. Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa.

"Malama, ba ki gane ni ba ko?"

Sai da ya yi murmushi na gane shi. Ɗalibina ne na aji huɗu, wanda rabawa mai saura ta hana shi sakat shekara guda. Yanzu ga shi ma'aikaci a ofishin tsara gari. Na yi murna ƙwarai, na zaunar da shi a gindin ɗorawa, na cika masa faranti. Sai da ya cinye, ya sha ruwa, ya gode, sannan ya buɗe fayil ya ɓata mini rana.

"Malama, takardar filin nan ta gidan zama ce, ba ta sana'a ba."

Na ce ai wanda ya sayar mini shekara da shekaru yana saukar da baƙi a ciki, ba wanda ya ce masa uffan.

"Shi baƙinsa yake saukewa, Malama, bai kafa allo ba. Ke kin kafa allo. Sai an canza wa filin manufa a takarda kafin ki karɓi ko mutum ɗaya."

Na ce mahaifina ya yi shekara nawa yana wannan aiki, izininsa ɗaya shi ne mai unguwa ya san da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙan Baba, amma yanzu ba haka ake yi ba. Ya zayyano mini abin da ake so: a zana taswirar gidan, a ja katangar gaba baya don ta matso titi da yawa, a samar wa motocin baƙi wurin tsayawa a ciki, a nisanta ramin bayan gida da rijiya. Daga ƙarshe a kawo amincewar maƙwabta, da ta duk wani mai haƙƙi a cikin filin. Ina jin sa ina tuna yadda yake tsayawa gaban allo yana sosa ƙeya, na ce a raina wato yau ranar ramuwa ce.

Amma fushin bai kwana biyu ba. Murnar da ke cikina ta fi ƙarfin fayil. Na mai da takardar tasa jarrabawa, ni kuwa ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Aka rushe katanga aka ja ta baya, ina tsaye da lema ina ba magina umarnin da ba su nema ba. Aka haƙa sabon rami can bayan madafa. Maƙwabta ne na ɗan ji tsoro, don na san abin da mutanenmu suke kawowa a rai in an ce ɗakunan kwana a bakin titi. Na bi su gida-gida. Wani malami ya fara kame-kame, yana cewa ai unguwa ce ta iyali, na ce masa, "Malam, 'ya'yanka biyar ta hannuna suka wuce. Wanne ne a ciki ya lalace?" Ya yi dariya ya karɓi biro. Matan kuwa tambayarsu ɗaya ce, ko zan riƙa sayen ƙosai a wurinsu ko da kaina zan soya.

Da na gama tara hannuwa na kai wa mai unguwa ya buga hatimi. Ina tafe kamar ba na taka ƙasa. Masara ta fara ƙosawa a gonaki, ni ma na kusa. Ya duba takardar, ya hura hatimin, ya buga, ya miƙo mini, sannan ya ce, kamar mai tuna mini na manta takalmi a ƙofa:

"To, Hajiya, saura mai ɗorawa."

"Wace mai ɗorawa, ranka ya daɗe?"

"Mai ɗorawar tsakar gidan. Ƙanwar wanda ya sayar miki. Tana Maska."

Na ce ban gane ba, ai ni na sayi gidan. Ya ce ƙwarai, gida nawa ne, rijiya tawa ce, ƙasa tawa ce. Amma wurin nan gonar ubansu ce kafin gari ya cim mata. Da aka zo rabon gado, maza suka ɗauki ƙasa, ita aka ba ta ɗorawa. Duk bazara takan zo da gorarta mai ƙugiya ta sauke 'ya'yan, ta kwashe kalwarta ta tafi. Ni na sayi gidan ne bayan ta gama na bana da 'yan makonni, shi ya sa ban gan ta ba.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini ranar ciniki?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Ai kowa ya sani, Hajiya. Kuma takarda ba ta ce da ɗorawa ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ma na san wannan al'ada. Kakata tana da kuka a gonar wani, muna zuwa ɗiban ganye, mai gona yana gaishe ta. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa bishiyar da ke tsakar gida, cikin katanga, a bayan ƙofa mai makulli, za ta zama ta wata ba. Na koma gida na sauke wa Alhaji. Ya ajiye rediyonsa a hankali ya ce, "Au, ba ki sani ba?" Wato shi ma ya sani. Ya yi wata uku yana wucewa ta gindinta yana cin wainata, bai ga dalilin buɗe baki ba. Ranar ko ruwan shayi ban dafa masa ba.

Washegari na shirya sai Maska. Na hau mota, na ƙarasa a babur, na riƙe jakata gam. Na riga na gama shawara: zan sayi bishiyar, a rubuta, a wuce wurin. Har na fara jin daɗina ya dawo a hanya, ina kallon masara da waken soya sun yi kore shar hagu da dama, ina lissafa wa kowace gona baƙon da za ta kawo mini.

Tun daga zaure warin daddawa ya tare ni. Na same ta a tsakar gida, 'yar tsohuwa siririya, tana tsame dafaffiyar kalwa daga tukunya. Na gaishe ta, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na faɗi ko ni wace ce.

"Na ji labarinki," ta ce. "Ke ce kika shafa wa gidan fenti sau biyu."

Na yi dariya, na fito da takarda, na ce na zo ne ta sayar mini da ɗorawar, ta faɗi abin da take so, ta ɗora yatsa a nan.

"Mi kika ce?"

Na maimaita, da ƙarfi, irin yadda nake maimaita wa 'yan bayan aji.

"Kunnena lafiya lau, ɗiyata. Ba ta sayarwa ba ce. Ita kaɗai ce abin da ubana ya bar mini. Da ita na aurar da 'ya'yana mata uku. Kuma ni ba ni ɗora yatsa bisa takarda. Duk wanda na sani ya ɗora, abin da ke hannunsa fita ya yi."

Na yi bayani, na roƙa, na kawo zancen kaka da baƙi da wahalar da na sha. Tana ji tana wanke kalwarta. Sai halina ya motsa, na ce, "Haba Inna, bishiya ce fa kawai." Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kanta kan ƙwarya. Na zauna har na ji kunya ta ishe ni, na yi sallama, ta ce in gai da gida. A hanya mai babur ya yi ta jan hira, ban tanka masa ba.

Mako guda na yi ina kumbure-kumbure. Na je gidan na zauna a ƙofar ɗaki na ɗaya ina hararar ɗorawa, ita kuwa tana ta kaɗa ganyenta. Motar farko mai ɗaukar sabuwar masara ta wuce ta gabana. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba: in tsohuwar nan ta kafe, ba izini, ba masauki, na rushe katanga na gina a banza, kuma sai in kalli Alhaji yana ƙoƙarin kada ya ce komai, wanda ya fi maganar ciwo.

Na tashi na tafi ofishin ɗalibina. Na zube masa komai, har da cewa ta ƙi sayarwa. Ya saurara, ya jawo takardar da ya ba ni tun farko, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

"Malama, wa ya ce ki saya?"

"To in ban saya ba fa?"

"Amincewarta aka ce. A rubuta ɗorawa tata ce, tana da ikon shiga ta ɗebi abinta a lokacinsa, kuma ba ta ƙi a yi masauki a wurin ba. Shi ke nan." Ya danne dariya. "Ke kike ce mana mu karanta tambaya sau biyu kafin mu amsa."

Da ba a ofis muke ba da na ja masa kunne. Amma dariyar ta ƙwace mini, har masinja ya leƙo. Na ari biro a teburinsa na rubuta sabuwar takarda nan take, da Hausa, gajeriya, ba kalmar da tsohuwa za ta tambayi ma'anarta.

Wannan karon da turmin atamfa da goro na koma Maska, kuma Alhaji ya raka ni, wai don ya riƙe mini harshe. Na fara da ba ta haƙuri a kan maganar da na faɗa. Ta ce ya wuce. Na ce ban zo saye ba, kuma kada ta yarda da karatuna, a kira wanda ta amince da shi. Aka kira limamin unguwarsu, ya zauna daga bakin zaure, ya sa tabarau, ya karanta a hankali. Ya ambaci sunanta da na mahaifinta, ya ce ɗorawar da ke tsakar gida kaza, a hanyar Malumfashi, mallakinta ce ta gado, ba ta shiga cinikin gidan ba.

"Tsaya, Malam," ta ce. "Koma wurin nan."

Ya koma ya sake karantawa.

"Sunana ne a rubuce?"

"Sunanki ne, Inna."

"Nuna mini."

Liman ya miƙo takardar, na nuna mata wurin. Ta daɗe tana kallon layin da ba za ta iya karantawa ba. Sannan ta goge hannunta a zane ta fara kawo nata sharuɗɗan, kuma ba ta yi mini sauƙi ba. Kada a sare ko reshe ɗaya. Kada a buga ƙusa a jikinta don rataye fitila. Kada mota ta tsaya a gindinta tana ɗigar da mai. In ta zo ɗiba, ba ta neman izinin kowa. Kuma a ƙara da cewa bayan ranta ta 'ya'yanta mata ce. Ina rubutawa ina cewa to, to, to, har Alhaji ya yi gyaran murya don kada in amince da abin da ba a tambaye ni ba.

Aka shafa mata tawada ta danna yatsa. Na miƙa hannu zan karɓa, ta riƙe takardar.

"Wannan ta gwamnati ce. Ina tawa?"

Ban yi tunanin haka ba. Na yage takarda daga littafin da ke jakata, na durƙusa a tabarma na kwafe ta kalma bayan kalma, da mafi kyawun rubutun da na taɓa yi, liman da Alhaji suka sa hannu. Ta naɗe ta a leda, ta shiga ɗaki ta sa a ƙasan kwallarta, ta fito.

"Tun rasuwar ubana da baki ake faɗa," ta ce. "Masu faɗar kuma suna ta ƙarewa. Je ki buɗe gidanki."

Nan na ji hawaye ya zo mini, ban ɓoye ba. Ni tsoron kaka ɗaya ya hana ni sukuni, ita kuwa ta yi shekaru tana kallon shaidunta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga ni na zo mata da zancen saye.

Izini ya fito a lokacin da kasuwa take tsakiyar cika. Na rasa makonnin farko, amma na samu sauran, kuma ɗakunan nan shida ba su huta ba har aka gama auduga. Baƙon farko da ya ce ƙosaina ya yi daɗi, sai da na shiga madafa na taka rawa ni kaɗai.

Da bazara ta kama, wata safiya ina zuba wa wani mai sayen waken soya shayi a gindin ɗorawa, sai ga tsohuwar ta turo ƙofa, da doguwar gorarta a kafaɗa da 'yarta a baya ɗauke da buhuna. Ta gaishe ni sama-sama, ta ɗaga kai tana duba rassan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nuna wa baƙona da haɓa cewa ya janye kujerarsa. Mutumin ya dube ni, kofi a hannu, yana jiran in yi magana.

Na ɗauke masa farantin na ce, "Matsa mata, bawan Allah. Mai ɗorawar ce ta zo."